Ranar da Isyaku Kuku Ya Shiga Madafin Gidansa

Duk wanda ya tashi a Yakasai zamanin sojoji ya san Malam Isyaku Kuku, in ma bai san sunansa ba ya san kekensa. Baƙin keke ne tsohon yayi, kullum a goge, sai ka ce ba a lungunanmu masu kwata yake bi ba. Shekara talatin da huɗu yana fitar da shi daga soro bayan sallar asuba, ya bi ta Ƙofar Mata ya miƙe har Bompai, inda yake dafa wa Faransawan wani kamfanin sayen gyaɗa da fata abinci. Manajoji shida suka zo suka tafi a gabansa, kowanne in zai koma ƙasarsu sai ya bar wa na bayansa gida da kare da Isyaku.

Gajere ne, mai tsafta har ta yi yawa, farcensa kullum a yanke. Ba shi da yawan magana, kuma unguwa ce ta koya masa haka. Kun dai san bakin 'yan majalisa. Namiji da ludayi a hannu? Tun yana saurayi suke tsokanarsa, wannan ya ce a ba shi zani, wancan ya tambaye shi ko ya iya kaɗa miyar kuka. Da shekaru suka ja sai aka yi wata yarjejeniya da ba wanda ya furta ta: abin da Isyaku yake yi a bayan ganuwa aiki ne, neman abinci ne, ba ruwan kowa, amma a cikin birni maigida ne kamar kowa. Shi ma ya riƙe nasa ɓangaren gam. Mutumin da yake ciyar da baƙi ashirin a teburin Turawa, ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa a gidansa ba.

Matarsa Fanna 'yar Goni Muhammad ce, mahaddacin da kakanninsa suka zo daga Borno suka kafa makarantar allo a Kabara. Ranar da Isyaku ya je gaisuwar neman aurenta, tambaya ɗaya tsohon ya yi masa.

"Abin da kake dafa wa mutanen nan, akwai haram a ciki?"

"Nama ne da ganye, Allah gafarta Malam," in ji Isyaku, kansa a ƙasa.

Ƙarya ya yi. Rabin girkin Faransawa da giya ake yin sa, wani kuma da kitsen alade ake fara soya shi. Da hannunsa yake buɗe kwalbar, da hannunsa yake tsiyayawa a tukunya. Abin da ya iya yi wa kansa shi ne bai taɓa kai ko ɗigo bakinsa ba. Madam ta farko, matar manajan farko, wadda ta koya masa aikin, ta yi faɗa ta gaji, ta ce ba a taɓa yin kukun da ba ya ɗanɗana girkinsa ba. Sai ga shi an yi. Da hanci ya koyi girki, da kunne, da ido. Yana jin ƙarar mai ya san lokacin juya nama ya yi, yana shaƙar tururi ya san miya ta haɗu, gishiri kuwa sai ya miƙa wa Madam cokali ta faɗa masa. Kuma ko ɓallin burodi bai taɓa shigowa da shi gida daga wancan kicin ba, domin a ganinsa duk tukwanen sun sha abin nan.

Sauran kukuma suna dawo wa iyalinsu da guntun kek da cinyar kaza a takarda, shi sai ya dawo hannu rabbana, ya zauna ya share akushin tuwo tas. A shekarun farko Fanna takan ce, cikin wasa, "Malam, mu yaushe za mu ɗanɗana abincin Turawan nan?" Shi kuma ya ce, "Sai wata rana, 'yar Goni." Haka yake kiranta. Ta tambaya ta tambaya, har ta daina. Ya sani sarai tana iya ɗaukarsa marowaci, ko ta zaci yana ganin bakinta bai kai ba, kuma abin yana cin sa. Amma faɗin gaskiya ya fi ƙarfinsa, don in ya faɗa, ya nuna ke nan a kan ƙarya aka ɗaura aurensu.

Kamfanin ya rufe shekara takwas kafin abin da zan ba ku labari. Bayan nan hawan jini ya kayar da Isyaku a bakin rijiya, ya tashi hannun dama ya shanye, ƙafa kuma sai ja. Keken ya koma jingine a soro. Manyan 'ya'yansu sun yi nisa, ɗaya yana Legas, ɗaya aure ya kai ta Maiduguri, gida ya rage daga su biyu sai autarsu Larai, 'yar shekara goma sha shida, mai saurin hannu da saurin baki.

Da Babbar Sallar shekarar da sojoji suka miƙa mulki, naman layya ya fara tsaya wa Fanna a wuya. Aka ce sanyi ne, aka ce ƙaiƙayi ne, aka sha rubutu. Da aka kai ta asibiti likita ya ja Isyaku gefe ya ce wani tsiro ne a maƙogwaro, ya riga ya yi nisa, kullum hanyar abinci ƙara tsukewa za ta yi. Su koma gida su ba ta duk abin da take so tun tana iya haɗiyewa. Kalmar nan ta ƙarshe Isyaku ya ji ta da kunnensa, ba wanda zai ce bai ji ba.

Wata Litinin a ƙarshen watan Mayu, da hantsi, Fanna ta ci loma uku ta tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, har Larai tana murna. Ta sha ruwa, ta jingina da bango, ta dubi mijinta da yake zaune a bakin ƙofa.

"Malam, wata ranar nan taka ba ta zo ba har yanzu?"

Bai gane ba da farko.

"Abincin Turawa," ta ce. "Shekara talatin da bakwai ina jira. Ina so in ci abin hannunka kafin in tafi."

"Ki daina irin wannan maganar."

"To na daina. Za ka dafa?"

Ya ce zai dafa. Larai ta yi caraf ta ce gobe ma sai a yi, ita za ta zama hannunsa, shi dai ya zauna ya riƙa faɗa mata. Nan ne fa Isyaku ya yi abin da ya kasa yafe wa kansa har ya koma ga Allah. Ya tuno 'yan dubiya. Tun da Fanna ta kwanta gidan ba ya rabo da mutane, mata su shigo kai tsaye, dattawa ma a yi musu iso har tsakar gida. Ya hango kansa a madafi kan kujerar tsuguno, hayaƙi a ido, wani ya yi sallama ya gan shi. Sai ya tuna ranar Asabar za a rantsar da sabuwar gwamnati, unguwa za ta watse, wasu su tafi filin wasa kallon sabon gwamna, sauran su taru gidan Alhaji Shehu mai janareta, maza a ƙofar gida mata a ciki, kowa ido a talabijin.

"Asabar," ya ce. "Ke kina da makaranta."

"Baba, ƙarfe biyu nake dawowa."

"Na ce Asabar. Girkin nan ba a yi masa gaggawa."

Fanna ta gyara filo ta kwanta.

Kwana biyar ba wani abu ba ne ga mai lafiya. Ranar Talata ta sake cin tuwo, loma biyu. Laraba tuwo ya ƙi wucewa, aka koma koko. Isyaku yana zaune yana kallon Larai tana ba ta da cokali, yana ƙirgawa a zuci, kuma ya ga yarinyar ta ɗago ta dube shi, wani irin kallo da 'ya ba ta saba yi wa uba ba. Ya kau da kai. Ya ce wa ransa ai jikin mara lafiya haka yake, yau sama gobe ƙasa, kafin Asabar za ta warware. Zuwa Juma'a sai an tace kunu a rariyar laushi sannan ta sha cokali huɗu ko biyar.

Bayan an sauko daga masallaci ya aiki Larai Kasuwar Rimi. Ya ja mata kunne kada ta kuskura ta sayo masa kazar gidan gona mai naman auduga, tsohon zakara yake so, wanda ya yi cara ya gaji, a yanka mata shi a can. Albasa mudu guda, karas, tafarnuwa, masoro, man shanu, ƙwai shida, madarar gwangwani, burodi, da cukun Buzaye in ta samu. Sai ɗan kilishi marar yaji, da zoɓo baƙi, da tsamiya. Girkin yana da suna a bakin Faransawa, amma harshen Isyaku bai taɓa lanƙwasa shi daidai ba, shi zakaran Madam yake ce masa. Da yamma ya tsaya daga bakin ƙofar madafi, bai shiga ba, ya sa ta dafa zoɓon da kauri ba sukari, ta tsiyaya ruwan tsamiya kaɗan, ta jiƙa naman a ciki da karas da albasa, aka rufe tukunyar ƙasa aka sa ta cikin sanyin gindin randa ta kwana.

"Su ma Faransawan da zoɓo suke yi?" in ji Larai.

"Rufe da kyau kada kyanwa ta buɗe," ya ce.

Asabar ta zo yadda ya lissafa. Tun da hantsi lungu ya yi tsit, sai kukan janaretan Alhaji Shehu da taken sojoji da iska take kawowa daga rediyon wani gida. Isyaku ya tura ƙyauren soro, ya ja ƙafarsa ya ratsa tsakar gida, ya tsaya a bakin madafi kamar baƙo. Ɗakin da aka dafa duk abin da ya ci shekara talatin da bakwai, bai san inda ake ajiye wuƙa ba. Ya yi bisimilla ya shiga, Larai ta tura masa kujerar uwarta ya zauna.

Da miyar albasa aka fara, kuma da faɗa aka fara. Larai ta yanka albasa irin ta miyar gida, ya ce ta sake, sirara yake so, har a hango wuƙa ta cikinta. Ta hura kurfoti ya yi jajir, ya ce ta kwashe rabin garwashin.

"Baba, a wannan wutar sai gobe."

"Ko jibi ne. Albasa ba a soya ta, lallaɓa ta ake yi."

Ta zuba man shanu, ta juye albasar, ta tsaya tana juyawa tana tsaki ƙasa-ƙasa. Minti ashirin albasa tana nan fara. Ya rufe ido yana saurare. Can ya ce, "Juya, gefen hagu zai kama." Ta leƙa ta ga kuwa ya fara kamawa, ta dube shi, idonsa a rufe. Daga nan ta daina tsakin. Sai da aka kusa awa guda albasar ta narke ta koma kalar zuma, wani ƙanshi ya tashi da gidan bai taɓa ji ba. Ta miƙa hannu za ta ɗauko dunƙule da attaruhu, ya buge hannun da sandarsa a hankali.

"Ba daddawa, ba attaruhu, ba dunƙule. Romon ƙashin nan za ki zuba, da gishiri."

"Tabɗi. Ashe Turawan nan wahala suke sha."

Ya yi dariya, karon farko a wata biyu, har ita ma ta yi. Daga ɗaki suka ji muryar Fanna can ƙasa tana tambayar me ake yi wa dariya ba a kira ta ba. Larai ta ruga ta gaya mata, ta dawo ta ce Umma ta ce ƙanshin ya iso.

Aka tsame zakara daga zoɓo, naman ya yi jajir har ƙashi. Ya sa ta tsane kowace tsoka da tsumma mai tsafta, ta barbaɗa fulawa, ta fara soya kilishin da ta yayyanka a man shanu. Bai gaya mata abin da kilishin yake tsaye a madadinsa ba. Naman ya shiga tukunya bi da bi, ba a cunkusa ba, sannan ruwan zoɓon ya bi, aka rufe, aka rage wuta. Hannunsa na hagu sai motsi yake yi a kan gwiwa, yana yin duk abin da hannun Larai yake yi. Ana cikin haka suka kaɗa ƙwai da madara, ta ƙona sukari a ƙaramin kwano har ya yi ja, aka zuba, aka zaunar da kwanon cikin tukunyar ruwa, aka ɗora garwashi a kan murfi tunda gidan ba abin gashi.

Wajen azahar romon ya yi kauri. Larai ta ɗebo a ludayi, ta hura, ta miƙa masa.

"Baba, ji gishirin."

Kansa ya kauce da kansa, tun kafin ya yi tunani. Ta bi shi da ludayin, ya sake kaucewa.

"Baba, mene ne?"

"Ke ki ɗanɗana."

"Ni ina na san yadda ya kamata ya yi? Kai ne ka sani."

"Ban sani ba," ya ce. "Ban taɓa ci ba."

Ta zaci wasa yake yi. Sai ya gaya mata, idonsa a kan garwashi: kwalbar da yake buɗewa, kitsen da kilishi ya maye gurbinsa, tambayar kakanta Goni da amsar da ya ba shi. Ya ce ya dafa zakaran nan ya fi sau dubu, an tafa masa, wani manaja har ya so tafiya da shi ƙasarsu saboda shi, amma bai san ɗanɗanonsa ba. Ya jira Larai ta ce wani abu mai zafi, don ta iya. Ita kuwa sai ta kai ludayin bakinta, ta ɗan tsaya, ta ƙara gishiri da yatsu biyu.

"Umma ta sani?"

"A'a."

"To yau sai ka faɗa mata."

A daidai lokacin aka turo ƙyauren soro aka yi sallama. Tani mai ƙosai ce. A duk Yakasai in kana son magana ta zaga unguwa kafin la'asar, to ka faɗa a gaban Tani. Ga ta tsaye a tsakar gida da 'yar robar kunu, ga Malam Isyaku zaune a kujerar mata, toka a hula, bawon albasa a cinya. Tani ta dube shi, ta dubi tukwanen.

"Sannunku da aiki, Malam. Mai jikin ta farka?"

Ta shige ɗaki. Ta ɗan jima ta fito tana share ido da gefen mayafi, ta ce ƙanshin nan har bakin lungu, Allah ya ba da lada, ta tafi abinta. Shi ke nan. Isyaku ya bi bayanta da kallo. Wannan ne abin da ya ji tsoro? Saboda wannan ya ɗaga kwana biyar? Ya ji haushin kansa irin wanda bai taɓa ji ba, kuma ba wanda zai ɗora wa.

Bayan sallar la'asar suka shirya. Ya ce Faransawa sai rana ta faɗi suke cin wannan, amma ba zai ƙara jiran komai ba. Larai ta shimfiɗa tabarma a gaban gadon uwarta, ta rufe ta da farin zanen gado, ta fito da farantan tangaran na cikin kabad waɗanda ba a taɓa ci a cikinsu ba. Ya nuna mata inda cokali yake zama da inda wuƙa take zama. Suka tayar da Fanna suka jingina ta da filo biyu. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu, amma ta sa an ɗaura mata ɗankwalinta na Sallah.

"Da miya ake farawa," in ji Isyaku. Muryarsa ta koma irin ta aiki, har ya ɗan rusuna.

Miyar albasa ce, da yankan burodi a sama da cuku ya narke a kai. Fanna ta sunkuya ta shaƙi tururin, ta daɗe. Larai ta ɗebo ruwan zalla a bakin cokali ta ba ta. Ta riƙe a baki, ta yunƙura ta haɗiye, suna kallon wuyanta yana aiki. Sai tari ya sarƙe ta, miyar ta dawo ta hanci da baki, ta ɓata farin zanen. Da ta lafa ta ce a sake gwadawa. Aka sake da romon zakara, aka sake da ƙwai da madarar nan mai santsi da ko jariri zai haɗiye. Ba abin da ya wuce. Larai ta ajiye cokalin ta juya fuska bango, kafaɗunta suna rawa.

Fanna ta tsoma ɗan yatsa a romon, ta ɗora a harshe, ta lumshe ido.

"Da na yi ranar Talata, da kin ci," in ji Isyaku.

"Da na ci," ta ce.

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma ba ta ƙara komai a kai don ta sauƙaƙa masa ba. Ya sunkuyar da kai. Tunda abin ya kai nan, sai ya buɗe baki ya fara ba ta labarin kwalbar, yana inda-inda, yana haɗa Goni da Madam da tukwane. Ba ta bar shi ya yi nisa ba.

"Malam, wa yake wanke fararen rigunanka?"

Ya ɗago.

"Satin farko da aka kawo ni na ji warin a hannun riga. Ban san mene ne ba sai da na tambayi wata mai aikatau a Sabon Gari. Na yi kuka, na ce gobe zan tafi Kabara in faɗa wa Baba." Ta tsaya ta huta. "Sai ka dawo da yamma, na ga yadda ka ci tuwo. Mutum ya wuni a kan tukunyar nama ya dawo da irin wannan yunwa? Na san ba ka ci. Shi ya sa nake cika maka akushi."

"Shekara talatin da bakwai ba ki ce komai ba."

"Kai ma ba ka ce ba. Ina ta tambayarka ne ko za ka faɗa." Ta tura farantin da bayan hannu zuwa gabansa. "Wannan dai ba komai a ciki sai zoɓo. Ci, ka gaya mini yadda yake."

Larai ta share fuska ta matso, ta zare masa tsokar cinya daga ƙashi, naman yana rabuwa da kansa. Ya bar cokali mai yatsu inda ya sa aka ajiye shi, ya sa hannunsa na hagu da ya saba ci da shi tun ciwonsa, ya yi bisimilla ya kai baki. Ya tauna a hankali. Daga gidan Alhaji Shehu aka ji yara suna ihu suna bin wata mota mai lasifika, an ce mulki ya dawo hannun farar hula.

"Yaya?" in ji Fanna.

"Da tsami-tsami a farko. Sai kuma zaƙin albasa ya biyo. Naman ya yi laushi." Hawaye ya gangaro masa har cikin gemu, bai share ba. "Da daɗi, 'yar Goni. Ashe da daɗi."

"To ƙara. Ina kallo."

Ya ƙara. Ta sa Larai ma ta zauna ta ci, ta ce ba a bar mai girki da yunwa. Haka suka cinye, miya da zakara da ƙwai, uba da 'ya suna ci suna kuka, ita tana jingine tana tambayar kowace loma, wannan fa, karas ɗin ya nuna, cukun bai yi wari ba. Da suka gama ta ce a bar farantin romon kusa da ita, tana son ƙanshin.

Ranar Talata da hantsi Fanna ta cika. Aka yi mata sallah a ƙofar gida, mutanen Kabara suka zo da yawa saboda mahaifinta.

Isyaku ya ƙara shekara huɗu a duniya. Bayan sadakar arba'in 'yan majalisa suka lura ya daina fitowa dakali, wanda ya je nemansa kuwa sai a ce ya shiga, yana madafi. Nan za ka same shi kan kujerar Fanna, ƙyauren soro a buɗe, yana gaya wa Larai ta rage wuta, ko tuwo take tuƙawa. Ba wanda ya taɓa tsokanarsa, ko mutum ɗaya, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. Duk shekara in ranar ta kusa zagayowa, rediyo ya cika da jawabin dawowar mulkin farar hula, sai ya sa Larai ta sayo tsohon zakara tun ana saura kwana biyar. Ranar ashirin da huɗu ga watan Mayu suke dafawa, ranar da Fanna ta tambaya, ya zuba a faranti uku, na ukun a kai wa duk wanda yake kwance a unguwa, kuma yakan ce wa Larai ta yi sauri kada ya huce.